Wa zai karɓe kofin besbol na jami'o'in Amurka daga hannun SEC a 2026?

Dakta Sani (Baton Rouge): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tsakiyar Fabrairu za a buɗe kakar besbol ta jami'o'in Amurka, shi ya sa na ce bari in tayar da maganar tun yanzu. Kofi shida na baya-bayan nan duk makarantun SEC ne suka ɗauke su. Vanderbilt a 2019, ba a yi gasar 2020 ba saboda korona, Mississippi State a 2021, Ole Miss a 2022, LSU ta nan Baton Rouge a 2023, Tennessee a 2024, sai LSU ta sake a 2025. In muka koma zuwa 2009, gasa 16 aka yi, SEC ta cinye 11. A ganina wannan ba sa'a ba ce, kuma ba kuɗi kaɗai ba ne, gini ne da aka ɗauki shekaru 40 ana yi. Bana ma ban ga mai karɓe kofin nan daga hannunsu ba. Wanda ke da ja, bismillah.

Issoufou (Maradi): Wa alaikumus salam Dakta. Ku yi mini uzuri, mu nan kokawa da ƙwallon ƙafa muka sani. Mene ne SEC ɗin, kuma yaya ake cin wannan kofin?

Nura (Starkville): Yaya Issoufou, bari in taƙaita maka. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗayar tana bugu da sanda. In mai bugu ya doki ƙwallo sai ya ruga, akwai tasha uku da zai bi kafin ya dawo gida, duk wanda ya dawo gida an ci maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Haka za a yi ta yi har zagaye tara. In ya doke ta ta tsallake katangar fili, wannan shi ne hom-ran, shi da duk waɗanda ke kan tasha sai su tako gida a tsanake.

SEC kuwa haɗakar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka ce, yanzu su 16, hedkwatarsu tana Birmingham a jihar Alabama. Kowace makaranta tana buga wasa 30 da 'yan'uwanta na haɗakar, wato ƙarshen mako goma, wasa uku-uku, yawanci Juma'a zuwa Lahadi. A ƙarshen Mayu su haɗu a garin Hoover su yi gasar cikin gida. Daga nan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta zaɓi makarantu 64 daga duk faɗin ƙasar, a raba su gida 16, huɗu-huɗu. Waɗanda suka fito su kara biyu-biyu, wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce. Takwas ɗin da suka rage su ne ke zuwa Omaha a jihar Nebraska cikin watan Yuni. Tun 1950 ake yin wasan ƙarshe a can.

Issoufou (Maradi): Madalla, na gode ƙanena. Ku ci gaba, ina biye.

Baba Idi (Kaduna): Dakta, ni ina da ja. Lokacin da muke karatu a Arizona a farkon shekarun 1980, da wani ya ce kudu maso gabas za ta mallaki wasan nan, ba wanda zai saurare shi. Wasan na mutanen yamma ne a lokacin. Jami'ar USC ta Los Angeles tana da kofi 12, har gobe ba wadda ta kamo ta, kuma a ƙarƙashin Rod Dedeaux ta ci biyar a jere daga 1970 zuwa 1974. Arizona State ta ci biyar, na ƙarshe a 1981. Ga Arizona, ga Texas. Ita SEC ɗin da kake yabo an kafa ta tun Disambar 1932, an fara gasar ƙasa a 1947, amma ba ta taɓa kofi ba sai 1990 da Georgia ta ci. Shekaru 43 tana kallo. To ina USC yau? Rabonta da kofi tun 1998. Mulki juyawa yake yi, na gani da idona. Kada ku ɗauka abin da ya samu yamma ba zai samu kudu ba.

Dakta Sani (Baton Rouge): Baba, Allah ya ƙara lafiya, gaskiya kuka faɗa, kuma maganarku ita ce hujjata. Me ya sa suka yi shekaru 43 suna kallo? Saboda a kudu ƙwallon Amurka ce komai, besbol abin cike lokaci ne tsakanin kaka da kaka. Akwai makarantun da mataimakin kocin ƙwallon Amurka ake ce wa je ka riƙe yaran besbol.

Mutum biyu suka juya wannan. Na farko Ron Polk, da ya karɓi Mississippi State a 1976. A 1985 ya kai Omaha da ƙungiyar da ke da Will Clark da Rafael Palmeiro da Jeff Brantley da Bobby Thigpen, dukkansu huɗun sun yi suna daga baya a babbar gasar ƙwararru. Na biyu Skip Bertman, da ya zo LSU a 1984 daga Miami, inda ya yi wa Ron Fraser mataimaki. Bertman bai tsaya ga horar da yara ba. Ya riƙa bin ƙungiyoyin gari da 'yan kasuwa yana tallar tikiti, ya damu da tsabtar filin kallo da abincin da ake sayarwa kamar yadda ya damu da masu jifa, don ya gane in babu 'yan kallo babu kuɗi, in babu kuɗi hukumar makaranta ba za ta waiwaye shi ba. A 1986 ya kai LSU Omaha karon farko. Sai kofi ya biyo baya: 1991, 1993, 1996, 1997, 2000. Na 1996 shi ne wanda har yau ake ba da labarinsa a garin nan. Zagaye na tara, an fitar da mutum biyu, Miami tana gaba da 8 da 7, sai Warren Morris, wanda ya yi jinyar hannu bai buga hom-ran ko ɗaya ba duk kakar, ya doki jifan farko ya tsallakar da ita. Aka tashi 9 da 8.

Da sauran makarantu suka ga LSU ta shafe sama da shekaru 20 a jere tana gaba da kowa a yawan 'yan kallo, sai kowa ya shiga gina fili da ɗaukar koci na gaske. South Carolina ta ci 2010 da 2011 da Ray Tanner, Vanderbilt ta ci 2014 da Tim Corbin, Florida ta ci 2017. Bambancinsu da USC ta zamanin Baba shi ne ita ɗaya ce tilo mai ƙarfi a kan koci ɗaya. A nan makarantu takwas ne suka raba kofi 17 tsakaninsu. In ɗaya ta faɗi, wata ta tashi.

Nura (Starkville): Maganar 'yan kallo ba ƙari a ciki. Garinmu bai wuce mutum dubu 25 ba, amma a Afrilun 2023 mutum 16,423 suka shiga filin Dudy Noble na Mississippi State kallon wasa da Ole Miss. Bayan katangar hagu mutane ke kafa wuraren gashi, hayaƙi na tashi, har 'yan wasan baƙi ake miƙa wa abinci. Yaro ɗan shekara 17 da aka kawo ya ga wannan, da wuya ya zaɓi makarantar da mutum ɗari uku ke zuwa kallo.

Rakiya (Minneapolis): Ku yi haƙuri Dakta, kun bar babban dalili a baya, wato yanayi. Ranar da ake buɗe kaka a tsakiyar Fabrairu, mu nan ƙanƙara ce ta rufe ko'ina. Makarantun arewacin Amurka sukan shafe makonnin farko suna tafiya kudu, suna wasa a gidan wasu, suna atisaye a cikin ɗaki, yara suna rasa darasi. Kafin su buga wasan farko a gida, an riga an lafta musu rashin nasara, kuma da wannan lissafin ake zaɓen 64 ɗin. Da can ba haka abin yake ba. Minnesota ta ci kofi a 1956, 1960 da 1964. Michigan ta ci 1953 da 1962. Tun da Ohio State ta ci a 1966, babu makarantar Big Ten, haɗakar da waɗannan ukun ke ciki, da ta sake ci tana cikin haɗakar. Michigan ta kai wasan ƙarshe a 2019, ta ci wasan farko, Vanderbilt ta cinye biyun da suka rage. Kocinta na lokacin, Erik Bakich, ya fito da shawarar a matsar da kakar gaba zuwa lokacin ɗumi, ba a ɗauka ba, shi ma daga baya ya tattara ya koma Clemson a kudu. Ku ce gini ne, na yarda, amma an yi ginin ne a kan jadawalin da ya dace da wanda rana ke dukansa a Fabrairu.

Baba Idi (Kaduna): 'Yata ta kawo magana. Amma fa ranar nan tana Kalifoniya da Arizona ma, kuma ba ta hana su faɗuwa ba.

Rakiya (Minneapolis): Haka ne Baba. Su yamma wani ciwon ne ya kama su. Haɗakarsu ta Pac-12 ta watse a 2024 saboda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka. UCLA da USC da Oregon da Washington sun koma Big Ten, yanzu ƙungiyar besbol ta Los Angeles ce ke hawa jirgi zuwa jihohin ƙanƙara don wasan ƙarshen mako. Oregon State mai kofi uku ta buga kakar 2025 ba ta da haɗaka ko ɗaya, kuma duk da haka ta kai Omaha.

Hajiya Binta (Houston): Sannunku da muhawara. Ni abin da ke damuna ba rana ba ce, kasuwa ce. Dakta yana maganar Bertman da tallar tikiti, wannan zamanin ya wuce. Tun 2021 ɗan wasa zai iya sauya makaranta ya buga nan take ba tare da zaman shekara ba, kuma a shekarar aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. Ku duba su wa suka ci wa LSU kofin 2023. Paul Skenes daga makarantar sojan sama ya taho, Tommy White daga NC State. A 2025 Anthony Eyanson daga UC San Diego. Wehiwa Aloy na Arkansas, wanda aka ba kyautar Golden Spikes ta gwarzon shekara, daga Sacramento State aka ɗauko shi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Liam Doyle: ya fara a Coastal Carolina, ya koma Ole Miss, ya ƙare a Tennessee, aka zaɓe shi na biyar a zaɓen ƙwararru na 2025, inda manyan ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi. Ita kuwa Coastal Carolina ta kai wasan ƙarshe a shekarar, ta sha kashi a hannun LSU, wasan farko ma 1 da nema. Da yaronta yana hannunta fa? Ƙananan makarantu sun zama kamar manomin da ke kiwon rago shekara guda, ana gobe Sallah mai kuɗi ya zo ya kwance shi.

Dakta Sani (Baton Rouge): Hajiya, ban musa sunayen da kuka lissafa ba. Amma ku tambayi kanku, Skenes ɗin da ya zo daga makarantar soja, shi ne Skenes ɗin da ya bar Baton Rouge? Mai jifa ne mai kyau da yake haɗawa da bugu. A nan ya haɗu da Wes Johnson, mutumin da ya bar aikin kocin masu jifa na ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota Twins ya dawo jami'a. Aka ajiye masa sanda, aka gyara masa jiki da hannu, cikin shekara ɗaya ya zama na ɗaya a zaɓen 2023, abokinsa Dylan Crews na biyu, abin da ba a taɓa yi ba daga makaranta ɗaya. A 2024 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a gasar ƙwararru, a 2025 ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa. Yaro yana da 'yancin zuwa inda za a ƙara masa daraja. Shekara da shekaru koci na tashi ya bar yara duk ranar da ya ga dama, yaro kuwa a ɗaure shi.

Hajiya Binta (Houston): Ban ce a ɗaure yaro ba Dakta. Cewa na yi kada a kira abin da gini alhali saye ne.

Auwal (Fayetteville): In dai saye ne ke kawo kofi, da tuni muna da shi. Arkansas tana da fili, tana da kuɗi, tana da 'yan kallo, Dave Van Horn yana riƙe da ita tun 2003, amma har yau babu kofi ko ɗaya. A 2018 saura mutum ɗaya mu fitar mu ɗauka. Muna gaba da Oregon State 3 da 2 a zagaye na tara, ɗan wasansu ya cilla ƙwallo sama a gefen fili, wadda da an cafe ta an fitar da shi, yaranmu uku suka rugo, kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ta faɗi a tsakiyarsu. Suka rama, suka ci 5 da 3, washegari suka yi mana 5 da nema. A 2025 kuma mun je Omaha da ƙungiyar da mutane da yawa suka ce ta fi kowa. Gage Wood ya jefa wasan da Murray State ba ta samu bugu mai kyau ko ɗaya ba, ya fitar da mutum 19 da jifa, rabon da a ga irin wannan a Omaha tun 1960. Kwana biyu bayan nan muna gaba da LSU 5 da 3 a zagaye na tara, aka tashi 6 da 5. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Wannan wasan ba ya jin maganar aljihu.

Malam Habu (Kano): Allah ya ba da haƙuri Auwal. Ni daga nesa nake bi, amma na lura da abin da Dakta bai ambata ba. A 2025 SEC ta shigar da makarantu 13 cikin 64, abin da ba a taɓa yi ba. Nawa suka kai Omaha? Biyu, LSU da Arkansas. Vanderbilt ita ce ta ɗaya a duk ƙasar, ta ci gasar Hoover, aka fitar da ita a gidanta tun matakin farko. Texas ta zo ta ɗaya a wasannin haɗakar a shekararta ta farko a ciki, UTSA ta zo Austin ta kore ta. Murray State, wadda ba wanda ya sa a lissafi, ta je har gidan Ole Miss ta fitar da ita. Texas A&M kuwa da aka ɗora a matsayi na ɗaya kafin a fara kaka, ko cikin 64 ɗin ba ta shiga ba. Ita kanta LSU sai da Little Rock ta doke ta sau ɗaya a Baton Rouge. Don haka katangar nan tana da tsaga. Da LSU ta sake yin tuntuɓe a wasan raba gardama da suka buga, da wani zancen muke yi yanzu.

Dakta Sani (Baton Rouge): Malam Habu, wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Sha ɗaya sun zube, biyun da suka rage suka haɗu da juna a kusa da ƙarshe, ɗaya ta ɗauki kofin. A 2024 huɗu suka je Omaha, biyu suka buga wasan ƙarshe. Sau shida ke nan ana wasan ƙarshe tsakanin 'yan SEC biyu: 1997, 2011, 2017, 2021, 2023, 2024. Sannan ka tuna Ole Miss ta 2022. A tsakiyar kaka ta ci 7 an cinye ta 14 a cikin haɗakar, ana ta kiran a kori kocinta Mike Bianco, da ƙyar aka saka ta cikin 64, ta je ta ɗauko kofin. Wanda ya sha wuyar ƙarshen mako goma a hannun irin waɗannan masu jifa, Yuni ba ya ba shi tsoro. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Baba Idi (Kaduna): Tun da tarihi ake yi, a faɗe shi duka. Haɗakar nan ta daɗe tana hana baƙar fata shiga wasanninta. Baƙar fata na farko da ya buga wa wata makarantar SEC wasa a babbar ƙungiya ɗan besbol ne, Stephen Martin na Tulane, a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 1966 ita Tulane ta fice daga haɗakar. Koci baƙar fata na farko a besbol ɗin SEC sai a 2023 aka samu, Kerrick Jackson na Missouri. A garin da Dakta yake zaune akwai jami'ar Southern ta baƙar fata, wadda ta fitar da Lou Brock, kuma ɗan wasanta Rickie Weeks ya ci Golden Spikes a 2003. Ku dubi filayen SEC yau ku ƙirga yaran baƙar fata, sannan ku dubi ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makaranta ɗaya.

Rakiya (Minneapolis): Baba, wannan yana da alaƙa da tallafin karatu. Shekaru sama da 30 dokar NCAA ta ce ƙungiyar besbol ba za ta ba da fiye da gurbi 11.7 ba, a yanka shi gutsi-gutsi a raba wa yara kusan 30. Ƙwallon Amurka kuwa gurbi 85 cikakku. Ɗan talaka mai iya wasa biyu, wanne zai zaɓa? Wanda za a biya masa komai mana.

Hajiya Binta (Houston): To ai yanzu an cire wannan dokar. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House da 'yan wasa suka shigar kan NCAA, aka ce ƙungiya ta tsaya a 'yan wasa 34, kuma makaranta tana iya ba dukkansu cikakken tallafi in tana da hali. An kuma yarda kowace makaranta ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a duk wasanni. Ga ɗan talaka alheri ne, ba na musu. Amma wa ke da halin biyan gurbi 34? Masu kuɗin talabijin. Murray State ba za ta iya ba. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, ramin zai ƙara zurfi.

Malam Habu (Kano): Akwai wanda sabuwar dokar za ta taɓa a cikin SEC ɗin ma. Vanderbilt makaranta ce mai zaman kanta mai tarin dukiya, tana da tsarin biya wa ɗalibi mabuƙaci kuɗin karatu, don haka a zamanin 11.7 tana iya tara yaran da wasu ba za su iya ba. Haka jihohin Louisiana da Georgia suna da tallafin jiha ga 'yan asalinsu. Yanzu da kowa zai iya biya, wannan fifikon ya ragu. Mississippi da Alabama ne za su fi jin daɗin sauyin.

Nura (Starkville): Shi ya sa nake cewa ku sa mana ido bana. Mun ci kofin 2021, wanda shi ne na farko da makarantar ta taɓa ci a kowane wasan ƙungiya, daga nan muka yi ƙasa, har aka sallami kocinmu Chris Lemonis a Afrilun 2025 kaka ba ta ƙare ba. Aka je Virginia aka ɗauko Brian O'Connor, mutumin da ya yi sama da shekaru 20 a can kuma ya ci kofin 2015. Ya taho da wasu yaransa, Ace Reese kuma bai tafi ba, ga shi nan a tasha ta uku da sandarsa.

Auwal (Fayetteville): Ƙanena, ba a fafe gora ranar tafiya. Koci sabo, yara daga makarantu daban-daban, sai sun san juna tukuna.

Nura (Starkville): Yaya Auwal, koci Jim Schlossnagle ya bar A&M kwana ɗaya bayan wasan ƙarshe na 2024 ya koma Texas, a shekararsa ta farko ya zo na ɗaya a SEC. Yanzu ba a jiran shekara uku.

Hajiya Binta (Houston): Ya zo na ɗaya, sannan aka kore shi a gida. Amma ni Texas nake ba wa bana, duk da ƙorafina. Makaranta ce mai kofi shida tun kafin ta shigo haɗakar a 2024, rabonta da shi tun 2005, kuma sun ɗanɗana kunyar bara. Dylan Volantis da ya rufe musu wasanni yana ɗan shekarar farko yana nan. Wadda nake wa fargaba ita ce Tennessee. Tony Vitello ne ya tashe ta daga ƙasa, ya ci wasa 60 da kofi a 2024, sai ga San Francisco Giants ta ɗauke shi a Oktoban 2025, kai tsaye daga jami'a zuwa jagorancin ƙungiyar ƙwararru ba tare da ya taɓa aiki a can ba, abin da ba a taɓa gani ba. Mataimakinsa Josh Elander ya gaje shi. Ya san yaran, shi ya ɗauko da yawansu, amma zafin Vitello ba a gadonsa.

Dakta Sani (Baton Rouge): Mu ma mun yi rashi, ba zan ɓoye ba. Kade Anderson da ya jefa zagaye tara cur a wasan 1 da nema ɗin nan ya tafi Seattle a matsayi na uku, Eyanson ya tafi, Jared Jones ya tafi. Masu jifan Juma'a da Asabar ke nan da babban mai hom-ran. Amma Derek Curiel da Steven Milam da Jake Brown suna nan, Casan Evans kuma ya nuna bara cewa zai iya ɗaukar nauyi. Kocinmu Jay Johnson ya ci kofi biyu cikin shekaru uku da ƙungiyoyi biyu da kusan ba su haɗa 'yan wasa ba. Abin da ke gabansa shi ne tun South Carolina a 2010 da 2011 ba wanda ya ci biyu a jere, kuma bayan kofin 2023 mun sha wuya a 2024. Duk da haka LSU nake ba wa, in kuma ba ita ba, to wata 'yar'uwarta.

Rakiya (Minneapolis): Ni kuwa UCLA. Ta je Omaha a 2025 da yara ƙanana, yawancinsu sun dawo, cikinsu har da Roch Cholowsky, wanda ake ganin zai iya zama na ɗaya a zaɓen ƙwararru na bana. Kocinta John Savage ya taɓa cin kofin a 2013, kuma Mississippi State ya doke a wasan ƙarshe. Yaran nan tare suka taso, tare suka sha kashi a 2024, ba haɗe-haɗen kasuwa ba ne. In sun ci, kofin zai shiga Big Ten karon farko cikin shekaru 60.

Baba Idi (Kaduna): Ina bayanki 'yata. Zuciyata tana yamma har yanzu.

Malam Habu (Kano): Kada a manta da waɗanda ba a cika ambata ba. Auburn ta karɓi baƙuncin mataki na biyu a gidanta bara, Coastal ce ta tare ta. Georgia tana hannun Wes Johnson ɗin da Dakta ya yaba, suna buga hom-ran ba ƙaƙƙautawa, jifa ne ke ba su matsala a Yuni. Florida tana da Liam Peterson da Aidan King, kuma duk wanda ke da masu jifa biyu na gaske yana iya cin kowa a wasa uku. Alabama tana da Justin Lebron. Waɗanda nake tausaya wa su ne Missouri, da ta ci 3 kacal cikin 30 a bara, da South Carolina, inda Paul Mainieri, mai kofin 2009 da LSU, ya dawo daga ritaya ya tarar da aiki ya fi yadda ya bar shi.

Issoufou (Maradi): Na ƙaru sosai. Tambaya ta ƙarshe, mu da ke nan wane lokaci ake bugawa?

Nura (Starkville): Wasan Juma'a da dare a nan yakan faɗo muku bayan sha biyun dare, ya kai wajen uku ko huɗu na asuba. Farkon kakar bana zai haɗu da azumi, don haka mai tashi sahur da wuri zai iya riskar zagayen ƙarshe. Na Lahadi ya fi sauƙi, da rana ake yin sa a nan, ku kuma bayan magariba ko isha'i. Wasannin Fabrairu yawanci da ƙananan makarantu ne, na haɗakar sai tsakiyar Maris.

Auwal (Fayetteville): Ba wanda ya ambaci Arkansas a hasashensa, to ni zan ambata. Aloy ya tafi, Wood ya tafi, amma Ryder Helfrick yana nan a bayan gida yana karɓar jifa, Gabe Gaeckle yana nan, shi ne ya riƙe LSU zagaye shida a Omaha bayan an fitar da mai jifanmu na farko. Van Horn ya kai mu Omaha a 2018, 2019, 2022 da 2025, duk da yara daban-daban. Ku rubuta sunanmu cikin takwas ɗin bana, sauran kuma sai a watan Yuni in Allah ya kai mu.